Kafin Ka Sayi Kibod, Nemi Shawarar Ƙaramin Yatsanka

Manomin shinkafa a Tudun Wadar Ɗankadai yana da malamin gona. Masuncin Tiga yana da sarkin ruwa. Direban da ke lodi a Kwanar Ɗangora yana da ƙungiya da shugaba da rasit. Shi kuwa mai buga takardu a kwamfuta, wanda ke zaune a ɗan shago tun hantsi har bayan isha'i, ba shi da kowa sai kwalbar man zafi. Alhali ta ƙarƙashin yatsunsa harkar jama'a ke bi: takardar cinikin gona, da katin ɗaurin aure, da tambayoyin jarrabawar firamare, da sunayen manoman da ke jiran taki, da takardar neman aiki, da ƙorafin da za a kai wa dagaci. Daga Bagauda, inda makarantar horar da lauyoyi take a ƙasar Bebeji, har sakatariyar Doguwa da ke Riruwai, ba ranar da za ta fito ta faɗi ba a danna haruffa dubbai ba. Ya kamata a zauna a yi maganar abin da ake dannawar.

Ciwon da wannan bugu ke jawowa yana da hanyar da yake bi. Da fari mutum zai ji tsintsiyar hannunsa ta yi nauyi da yamma. Can sai kafaɗar dama ta riƙe, wuya ya sage. In abin ya yi nisa sai minjirya ta riƙa kama yatsu, har ta tashe shi cikin dare yana yarfe hannu. A nan ne masu ba da fatawa ke shigowa. Gwaggo za ta ce sanyi ne, tun da ma yaron ba ya jin magana, da ruwan randa yake wanka da asuba. Aboki zai ja shi gefe ya tambaye shi ko ya lura da yadda mai shagon da ke kallon nasa yake gaishe shi kwanan nan. Kafin a kai ga zargin maƙwabci, hakki ne a fara duba tebur da kujera da kibod, domin su ne suka fi kowa daɗewa tare da hannun.

Ga yadda abin yake. A cikin tsintsiyar hannu akwai wata 'yar matsattsiyar hanya tsakanin ƙasusuwa da wani jan nama mai tauri. Ta nan jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami. Idan hannu yana miƙe, kowa na wucewa lafiya. Idan aka karya shi sama, ko aka karkata shi gefe, hanyar sai ta ƙara matsewa. Minti biyar a haka ba komai. Awa takwas kullum, shekara da shekaru, shi ne magana.

To, kibod ɗin da muka sani dole yake sa a karkata hannun. Layukansa a miƙe suke kamar an ja su da rula, su kuwa hannuwa daga kafaɗu suke fitowa, kafaɗun kuma sun fi wurin haruffan faɗi. Sai mutum ya haɗo hannuwansa tsakiya, sannan ya karkatar da tsintsiya waje don yatsu su hau layi. Ba a yi wannan tsari don jin daɗin kowa ba. Gadonsa aka yi daga keken rubutun da Christopher Sholes ya ƙera a birnin Milwaukee na Amurka, wanda kamfanin Remington, maƙeran bindigogi da kekunan ɗinki, suka fitar kasuwa a 1874. Har karkacewar da layukan suka yi, inda kowane layi ya ɗan goce daga na samansa, an yi ta ne don sandunan ƙarfen da ke ƙarƙashin haruffa su sami hanyar wucewa. Sandunan sun tafi tuni. Karkacewar tana nan a kan teburin kowane shago a Kafin Maiyaƙi.

Wannan matsala ta duniya ce baki ɗaya. Amma akwai wadda ta zama tamu mu kaɗai, kuma ita ce ta fi damuna. A ƙa'idar bugu da yatsu goma, harafin A yana ƙarƙashin ƙaramin yatsan hannun hagu. Wato an ɗauki yatsan da ya fi kowane rauni, a hannun da yawancinmu ba ma cin tuwo da shi, an damƙa masa harafin da ya fi kowane yawa a Hausa. Bature bai yi haka da mugunta ba, shi harafin E ne ya fi yawa a harshensa, kuma ya ba wa yatsan tsakiya, mai ƙarfi. Mu kuwa ɗauki kowane shafi na Hausa ka duba. Da, ta, za, ga, wa, ba, sa: duk waɗannan ƙananan kalmomi da magana ba ta tafiya sai da su, hannun hagu ne kaɗai ke buga su, kuma kowace a kan ƙaramin yatsa take ƙarewa.

Wanda yake shakka ya zauna ya buga wannan jimla: Asabe ta dafa wa Baba Wada gwaza da tattabara. Haruffa 37 ne, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya faɗo ɓangaren dama. Goma sha bakwai daga ciki A ne, ga kuma Z guda ɗaya, shi ma na ƙaramin yatsan ne. Ke nan kusan rabin aikin a kan ɗan auta ya ƙare, yayin da hannun dama ke zaune yana jiran a kira shi ya ɗaga babban baƙi ko ya sa aya. Idan a gida aka raba aikin gona haka, da tuni an kai maganar gaban mai unguwa.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye a bayyane yake. Abu na farko da Bahaushe zai duba a jikin kibod shi ne taushin madannai, musamman na gefen hagu. Madanni mai tauri wanda sai an danne shi har ƙasa kafin harafi ya fito, mai buga Turanci zai iya haƙuri da shi, mai buga Hausa kuwa kafin azahar zai ji a jikinsa. Saboda haka idan ka shiga Kano, ko titin Beirut ka je ko Fam Santa, kada ka yarda a miƙo maka kwali a rufe. Ka ce, "Alhaji, a buɗe min in gwada." Zai ce, "Haba Malam, sabo ne fil, ko leda ba a cire ba." Ka ce ka yarda sabo ne, yatsanka ne bai yarda ba tukuna. A jona shi da kwamfuta, ka ja kujera, ka buga labarin Asabe da Baba Wada sau goma ba tare da gaggawa ba. Idan ƙaramin yatsa ya fara neman hutu kafin ka gama, ka mayar ka nemi wani. Ka kuma danna dogon madannin tazara daga wannan ƙarshe da wancan ƙarshe, da na Shift guda biyun, don a nan kibod mai arha yake fara nuna halinsa, ya riƙa cijewa in ba a tsakiya aka taɓa shi ba.

Sai maganar kibod mai lanƙwasa, wanda aka raba haruffansa gida biyu, kowane hannu da nasa, tsakiyar kuma ta ɗan yi tudu. Ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1970 wata mai horar da masu buga keken rubutu a Ingila, Lillian Malt, ta haɗa kai da wani injiniya suka fitar da Maltron. Apple ya yi nasa mai buɗewa a 1993, Microsoft ya biyo da Natural Keyboard a 1994, wanda shi ne ya yaɗa wannan siffa a ofisoshin duniya, Logitech kuma ya fito da Ergo K860 a 2020. Hikimar mai sauƙi ce: maimakon hannu ya karkace don ya dace da kibod, sai a karkata kibod ɗin. Tsintsiya ta zauna a miƙe, tafin hannu kuma ya ɗan jingina gefe yadda yake yi in mutum ya ɗora shi a kan cinya.

Yana da amfani, amma ga wanda ya iya bugu da yatsu goma ba ya kallon hannu. Mai yatsa biyu, wanda ke farautar haruffa ɗaya bayan ɗaya da manuni, in ya sayi irin wannan ya ƙara wa kansa nisan tafiya ne kawai, domin yanzu akwai fili a tsakiya da sai ya tsallaka. Har gwanayen ma suna da jarrabawa a gabansu. Da yawa cikin waɗanda suka koyi bugu a shago, ba a makaranta ba, da hannun dama suke kai wa B, alhali a rababben kibod B yana ɓangaren hagu. Mutumin Bebeji da ke da wannan ɗabi'a, a makon farko zai kai yatsa sau biyu a sunan garinsu ya tarar da roba. Mako biyu ko uku hannu zai saba. Sai dai kada a fara wannan koyo ana saura kwana uku jarrabawar ƙarshen zango, lokacin da hedimastoci ke tsaye a bakin shago da tambayoyi a hannu.

Ni a ganina, mutum tara cikin goma a wannan yanki ba rababben kibod ne buƙatarsu ta farko ba, kafinta ne. Babu manomin Doguwa da zai sayi fartanya bai riƙe ƙotar ya sunkuya ya ji ko ta yi daidai da tsawonsa ba, domin ya san ƙota mara kyau a ƙugu take fita. Amma mai shago zai sa a yi masa tebur da tsayin da kafinta ya ga dama, ya kawo farar kujerar roba irin ta gidan biki, ya zauna hannuwansa na reto a sama kamar mai jiran a zuba masa ruwan wanke hannu. Ga ma'aunin: ka zauna, tafin ƙafa a ƙasa, ka saki kafaɗu, ka lanƙwasa gwiwar hannu yadda damtse zai miƙe sosai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Inda yatsunka suka tsaya, nan ne mazaunin kibod. Idan tebur ya fi haka tsawo, ko a rage masa ƙafa, ko a ɗaga kujera da matashi a sa wa ƙafafu ɗan katako. Kuɗin wannan aiki bai kai na kibod mafi arha ba.

Akwai kuma 'yan ƙafafun nan biyu da ke bayan kibod. Kusan kowa ɗaga su yake yi ranar da ya saya, da tunanin tun da an yi su ai don a yi amfani da su ne. An yi su ne don mai kallon haruffa ya gan su da kyau. Ga tsintsiyar hannu kuwa, ƙara karya ta sama suke yi. A kwantar da su. Shi ya sa wasu daga cikin kibod masu lanƙwasa a gaba aka sa musu ƙafafun, don su gangara baya. Matashin da ake sawa a gaban kibod kuma na hutawa ne tsakanin jimla da jimla, a ɗora gindin tafin hannu a kai, ba a danne tsintsiya ana bugu ba.

Mai laftof matsalarsa biyu a haɗe. Allon kallo da madannai a manne suke, in ya ɗaga ta don wuya ya huta hannu ya wahala, in ya sauke ta don hannu ya huta sai ya duƙufa. Mafita ita ce a raba auren: a ɗora laftof a kan rim biyu ko uku na takarda har saman allon ya zo daidai ido, a jona mata kibod da linzami na daban. Rim ɗin takarda kuwa babu shagon da ba shi da shi, sai dai a kula kada a riƙa zara daga ciki har allon ya dawo inda ya fito.

Ɓangaren lambobi da ke hannun dama shi ma abin a tsaya a yi tunani ne. Cikakken kibod yana da madannai 104 ko 105, wanda aka yanke wa wannan ɓangare kuma 87 ko 88. Akawun da ke shigar da albashi, da malamin da ke tara makin ɗalibai, da mai lissafin buhunan masara, su kam ba su da zaɓi, da lambobin suke ci. Amma wanda aikinsa wasiƙa ce da katin biki, wannan ɓangare ba abin da yake masa sai tura linzami can nesa, kullum hannun dama a miƙe kamar mai karɓar canji ta tagar mota. Ciwon kafaɗar dama da yawa daga nan yake tasowa.

Yanzu ga gargaɗi a kan kayan Beljiyam. Na hannu ba laifi ba ne, sau da yawa ma tsohon kibod na ofis ya fi sabon mai arha ƙarko da taushi. Abin dubawa shi ne layin sama. Idan ya fara da QWERTY, ka sami irin wanda aka saba da shi a Najeriya. Idan ya fara da AZERTY, na Faransa ne ko na ƙasar Beljiyam ɗin kanta, irin wanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba da shi. A cikinsa A da Q sun yi musayar gida, W da Z ma haka, M kuma ya ƙaura. In aka jona shi da kwamfutar da aka saita da Turanci, mai kallon haruffa zai buga Tudun Wada ya ga Tudun Zqdq, ya buga Doguwa ya ga Doguzq. Na Jamus kuma, QWERTZ, Y da Z ne suka sauya wuri: a rubuta "ya zo" ya fito "za yo", garin Zainabi ya koma Yainabi. Babu aljani a cikin na'urar, kuma ba ta lalace ba. Ko a sauya saitin harshe ya dace da abin da ke rubuce a jikin madannan, ko a manna musu sitika. Wanda ke ɗauke da haruffan Larabci a gefen na boko, irin da ake kawowa daga Dubai da Saudiyya, shi kam alheri ne ga mai buga wa makarantun Islamiyya tambayoyi.

Kusan duk kibod ɗin da ka saya, ba za ka ga ɓ da ɗ da ƙ a jikinsa ba. Ga Q da X da V da P kowanne da ɗakinsa, alhali Hausa ba ta aikensu ko'ina sai in baƙuwar kalma ta shigo, su kuwa 'yan gida masu ƙugiya, waɗanda ake bugawa a takardun Hausa tun zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, sai an bi ta bayan gida ake samunsu. Wannan ma maganar lafiyar hannu ce. Wanda ke barin madannai ya ɗauki linzami ya shiga neman ƙ a cikin jerin alamomi sau hamsin a shafi guda, ya ninka wa kafaɗarsa aiki. Wanda ya gaji ya watsar da ƙugiyar gaba ɗaya kuma, shi ne zai buga a katin walima cewa an tanadi wuri na musamman domin manyan baki. Windows yana da tsarin madannai na Hausa a cikinsa, sai dai a shiga saitin harshe a ƙara shi, akwai kuma manhajar Keyman da ake samu kyauta. A saita sau ɗaya, a gano inda kowace ƙugiya ta faɗa, a rubuta a 'yar takarda a manna a gefen allo har hannu ya haddace.

Yanayinmu ma yana da ƙuri'a a wannan zaɓe. Shagon da ke bakin titi yana shan ƙura duk hunturu, na kusa da injin casar shinkafa kuma har da ɗan buntu. Ƙura in ta taru a ƙarƙashin madannai sai su yi tauri, taurin kuma mun san a kan wa yake ƙarewa. A riƙa kife kibod ana bubbuga bayansa a hankali duk mako, a share tsakanin layuka da busasshen buroshin fenti, da dare a rufe shi da ƙyalle. Abin da ke zubowa ranar farko yakan ba mai shi labarin duk abin da ya ci tun bara: ɓawon gyaɗa, da garin ƙuli, da ƙwayar ridi. Kofin shayi da kwanon fura a ba su wani tebur. A sanyin Riruwai kuma, inda yatsu ke ƙagewa da safe, a murza hannu ya yi ɗumi kafin a fara, domin sanƙararren yatsa da ƙarfi yake duka ba tare da ya sani ba. Ga shago, mai waya ya fi mara waya kwanciyar hankali: ba ruwansa da batir, kuma ba shi da ɗan mitsitsin abin nan da ake soka wa kwamfuta, wanda in ya ɓace kibod ɗin ya zama abin wasan yara.

Samari yanzu suna son kibod mai ƙara, wanda kowane madanni ke da makunninsa da sifirin a ciki, wasu har da fitilu masu sauya launi. Irin wannan yana da ƙarko, ana iya cire madannan a wanke, kuma akwai masu taushin da nauyin giram 45 ya isa ya danna su, harafi kuma ya fito tun kafin a kai ƙasa. Wannan ya dace da mai buga Hausa. Sai dai a zaɓi marar ƙara in ofis na mutum huɗu ne. Fitilun kuwa ba su taɓa sauƙaƙa wa kowace jijiya komai ba, amfaninsu ɗaya shi ne ganin haruffa in an ɗauke wuta. Dattawan da suka fara aiki da tafireta su ne suka fi buƙatar a yi musu bayani da ladabi. Hannunsu ya saba dukan da zai ratsa takarda uku da kabon biyu, shi ya sa in Baba yana buga wasiƙa a sakatariya ana ji daga ofishin kuɗi. A ce masa, "Baba, wannan ba ta son duka, taɓawa kawai take so." Zai ce ya ji, gobe kuma a sake tuna masa.

Kibod mafi tsada a duniya ba zai hana hannu gajiya ba in ba a ɗaga shi daga kai. Duk rabin awa a saki hannu, a buɗe yatsu, a juya kafaɗa, a miƙe ko da zuwa bakin ƙofa ne. Azahar da la'asar sun riga sun raba mana wuni, sai a ƙara wasu 'yan tsayawa a tsakani. Idan kuwa an gyara tebur, an sauya kibod, amma minjirya ba ta daina tashin mutum da dare ba, ko kofi ya fara suɓucewa daga hannu, ko naman gindin babban yatsa ya fara ramewa, to maganar ta wuce kafinta da man zafi, a tafi asibiti. Ciwon suga da juna biyu da ciwon gaɓoɓi duk suna kawo irin wannan matsewar jijiya ko mutum bai taɓa ganin kwamfuta ba, kuma likita ne zai rarrabe.

Iyayen da ke shirin saya wa yaro kibod mai lanƙwasa don jarrabawar JAMB kuwa su riƙe kuɗinsu. Tun 2015 aka mayar da jarrabawar kan kwamfuta gaba ɗaya, amma ba a buga jimla ko ɗaya a cikinta. A, B, C da D na zaɓen amsa ne, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki. A cibiyar kuma kibod ɗin da ya tarar shi zai taɓa. Abin da yaro ke buƙata shi ne a kai shi shagon unguwa ya zauna gaban na kowa da kowa har hannunsa ya daina rawa, ya kuma san inda S yake don kada ya taɓa shi kafin ya gama.